Gidan Magnolia: Ginin da Aka Sayo Cikin Littafi

A ƙasar Amurka akwai waɗansu gidaje 'yan ƙalilan da ke warwatse cikin garuruwa masu nisa da juna, ɗaya a Benson ta jihar North Carolina, ɗaya a Canton ta Ohio, wani a South Bend ta Indiana, wani kuma a Irwin ta Pennsylvania. Tsakanin wani da wani tafiya ce mai nisa, waɗanda suka gina su kuwa ba su san juna ba, amma duk wanda ya ga ɗaya ya ga sauran. Bene ne mai hawa biyu, da dogayen ginshiƙai farare a gabansa waɗanda suka tashi tun daga dakali har suka tokare rufi. Dalilin wannan kama shi ne dukansu daga shafi guda na littafi guda suka fito, watau littafin tallan gidaje na kamfanin Sears, Roebuck da ke Shikago. Sunan da kamfanin ya raɗa wa wannan fasali shi ne Magnolia, ya kuwa sa shi a kasuwa daga shekara ta 1918 zuwa ta 1922.

Mutanen ƙasar sun rabu biyu a kan waɗannan gidaje. Waɗansu suna ganin kayan tarihi ne da ya wajaba a kiyaye, har su kan yi doguwar tafiya don su ɗauki hotonsu. Waɗansu kuwa, musamman cikin masanan tsara gini, suna cewa haja ce kurum irin ta kanti, ba ta da bambanci da keken ɗinki ko murhun ƙarfe da kamfanin ke sayarwa cikin wannan zamani. Maganar ba ƙarama ba ce, domin a kanta ne a ke yanke ko a kashe kuɗi a gyara tsohon gida, ko a bar shi a rushe. Kafin a raba gardama, sai a san asalin al'adar, sa'an nan a dubi gidan kansa.

Gina gida daga littafi tsohuwar al'ada ce wurin Turawa. Tun a shekara ta 1570 wani gwanin gini na Italiya, Andrea Palladio, ya buga littattafai huɗu masu ɗauke da siffofin gine-gine da awonsu. A 1728 James Gibbs ya buga nasa a Landan, don amfanin masu dukiya na karkara waɗanda ba su da masani kusa da su. A Amurka Asher Benjamin ya fitar da nasa a 1797 don kafintocin ƙauye, Andrew Jackson Downing ya biyo baya a 1842. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 George Barber na garin Knoxville ya mai da abin ciniki sosai: mutum ya zaɓi gida cikin littafi, ya aika da kuɗi ta gidan waya, a aiko masa da cikakkiyar taswira. Duk waɗannan takarda kaɗai su ke sayarwa. Neman katako da yankansa aikin mai gida ne da kafintansa.

Kamfanin Sears ya fitar da littafinsa na farko na gidaje a 1908, yana sayar da taswira tare da kayan gini. Daga 1916 ya bi sawun kamfanin Aladdin na Bay City, ya shiga aika katako a yanke, kowane guntu da awonsa, an kuma buga masa harafi da lamba a jiki. Mai saye ya kan sami wasiƙa cewa kayansa sun iso tasha, ya je ya tarar da tarago ɗaya ko biyu cike da alluna, da ƙyamare, da tagogi, da ƙusoshi, da fenti, da makullai, gutsattsarin da yawansu kan kai daga 10,000 zuwa 30,000, tare da littafin umurni mai shafi wajen 75. Fili, da harsashi, da bulo, da siminti, da ladan ma'aikata, waɗannan ba su cikin kuɗin. Da ya ke jirgin ƙasa ne ke kawo kayan, galibin gidajen nan ba su da nisa da hanyar jirgi. Daga 1908 zuwa 1940 kamfanin ya sayar da gidaje fiye da 70,000, cikin fasali fiye da 370. Magnolia ita ce babbarsu, ita ce kuma aka sa a bangon littafin 1918 don ta ja ido.

Faɗin gidan ƙafa 40 ne, zurfinsa 36, ban da 'yan fukafukan da ke gefe. Ƙofa tana tsakiya daidai, tagogin dama sun yi daidai da na hagu. A gefe ɗaya akwai ɗaki mai yawan gilashi don shan hantsi, a ɗaya gefen kuwa rumfa ce inda mota ke tsayawa a sauka ba tare da ruwan sama ya taɓa mutum ba. In an shiga sai a tarar da zaure mai faɗi wanda ya raba ƙasan gidan biyu, da matakala tana hawa daga cikinsa. Falo yana hannu ɗaya, ɗakin cin abinci yana ɗayan, madafa tana baya. A sama akwai ɗakunan kwana, da makewayi, da ƙananan ɗakunan sa tufafi, da wata baranda ta kwana lokacin zafi, da ɗakin bara. A gaban wannan duka aka kafa babbar rumfar nan mai ginshiƙai, wadda ita ce ido ke fara sauka a kanta.

Littafin tallan ya yi wa gidan kirari da cewa ya yi kama da mashahurin gidan nan na garin Cambridge a jihar Massachusetts, inda mawaƙi Longfellow ya zauna. Wannan gida yana nan har yanzu, kowa na iya gwadawa. An gina shi a 1759 don wani mai dukiya, John Vassall. George Washington ya mai da shi mazauninsa na yaƙi daga 1775 zuwa 1776, Longfellow kuwa ya shige shi a 1837, ya zauna ciki har rasuwarsa a 1882. In aka jera hotunan biyu, za a ga kamar ba ta wuce ta daidaiton dama da hagu da fukafukan gefe ba. Gidan Longfellow ba shi da rumfa mai dogayen ginshiƙai a gaba. Abin da ke gare shi siffar ginshiƙai ce shafaffu, manne da bango, waɗanda ba su fito waje ba sai kaɗan, ba su kuwa tare haske. Kyaunsa yana cikin kamewa, kamar dattijon da ya sa farar riga ba aiki a wuyanta.

Rumfar Magnolia daga wani wuri dabam aka ɗauko ta. Irinta a ke gani a gidajen manyan masu gonakin auduga na kudancin ƙasar, waɗanda aka gina da gumin bayi kafin yaƙin basasar da ya ƙare a 1865. Sunan ma na wata itaciya ce mai manyan fararen furanni wadda kudu ke alfahari da ita. Su kuwa mutanen kudu daga ɗakunan bautar Yunanawa da Rumawa suka kwaikwayo ginshiƙansu. Ashe ke nan gida guda ya aro suna da rumfa daga kudu, ya aro kirari daga arewa, ya aro ado daga Yunan, aka haɗa duka a ofis a Shikago. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Babban aibin gidan shi ne gabansa da jikinsa ba su san juna ba. Da za a cire rumfar, abin da zai rage shi ne murabba'in gida mai hankali irin na kowane attajirin ƙaramin gari, ba kuwa abin da zai ragu daga jin daɗin mazaunansa.

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan ginshiƙan, don a nan ne gaskiyar gini ke bayyana. Wurin Yunanawa ginshiƙi dutse ne, kaurinsa kuma gwargwadon nauyin dutsen da ya ke ɗauke da shi. Ginshiƙan katako na irin waɗannan gidaje kuwa alluna ne aka harhaɗa aka kewaya kamar ganga, cikinsu rami, abin da su ke ɗauke da shi kuma rufin katako ne marar nauyi wanda sanda huɗu za su iya riƙewa. Girmansu don ido ne. Wannan kaɗai ba laifi ba ne, don ba a hana gida ado. Laifin shi ne adon ya zama kaya a kan mai gida. Katako ba ya jure abin da dutse ke jurewa. Ruwa ya kan taru a gindin ginshiƙi ya ruɓar da shi, fenti ya kan ɓare, a garuruwan arewa kuma dusar ƙanƙara ta kan kwanta bisa shimfiɗaɗɗen rufin fukafukan har ta sami hanyar yoyo. Ginshiƙi mai tsawon hawa biyu ba abin da kafintan unguwa zai musanya da araha ba ne. Banda haka rumfar tana jefa inuwa a kan tagogin tsakiya. A Carolina, inda rana ke da zafi, inuwar alheri ce. A Indiana da Ohio, inda a ke marmarin hasken rana rabin shekara, hasara ce. Littafi kuwa shafi ɗaya ya ba su duka.

Amma fa adalci ya wajaba. Cikin gidan ya fi fuskarsa gaskiya nesa. Zauren tsakiya yana sa kowane ɗaki ya sami ƙofarsa, ba sai an ratsa ta wani ba. Manyan ɗakuna suna kusurwa, saboda haka suna samun taga ta fuska biyu, iska na ratsawa. An yi wa famfo da lantarki da bututun ɗumama ɗaki wuri tun a taswira, a lokacin da galibin gidajen karkarar Amurka ba su da ko ɗaya daga cikinsu. Barandar kwana ta dace da zamanin da likitoci ke horon mutane da kwana cikin iska saboda tsoron tarin fuka. Katakon kuma nagari ne, na ajin da kamfanin ke kira Honor Bilt, wanda ya fi sauran ajinsa kauri da ƙarfi. Shaidar wannan ita ce gidajen sun haura shekara ɗari suna tsaye ana zaune cikinsu. Wanda ya tsara cikin Magnolia ya san yadda iyali ke kwana su tashi. Abin da ya kuskure kaɗai shi ne ɗakin bara, domin a daidai lokacin nan barori suna barin aikin gida suna tafiya masana'antu, inda lada ya fi tsoka.

Kuɗin gidan ya bayyana dalilin da ya sa bai yi kasuwa ba. Kayansa kaɗai sun haura dala 5,000. A shekara ta 1914 Henry Ford ya girgiza ƙasar da ya ce zai biya ma'aikatansa dala 5 a yini, ladan da ya kusan ninka na sauran wurare. Ko a wannan lada mai tsoka, sai mutum ya yi aikin kwana 1,000 bai ci bai sha ba kafin ya biya kuɗin katako, bai sayi fili ba, bai haƙa harsashi ba, bai sallami birkila da kafinta ba. Talaka dai ba ya iyawa. Mai dukiya na ainihi kuwa ba ya son a ce gidansa daga littafin da a ke sayen takalmi da garma ya fito, sai ya kira masani ya tsara masa nasa. Saura 'yan tsakiya, irin likitan ƙaramin gari ko mai kanti da ciniki ya yi wa kyau, waɗanda ke son a gan su da girma amma suna lissafi. Ba su da yawa. Bayan 1922 kamfanin ya cire Magnolia daga littafinsa.

In ana son a ga inda littafin gidaje ya yi aikinsa na gaske, sai a tafi Carlinville a jihar Illinois. A 1918, shekarar da Magnolia ta fito, kamfanin mai na Standard Oil ya buɗe ramukan haƙar kwal a wannan yanki, ya rasa inda zai saukar da ma'aikata. Sai ya yi odar gidaje na kusan dala miliyan ɗaya daga Sears, aka kafa fiye da 150 a unguwa guda cikin garin. Ƙananan benaye ne marasa ado, kowane da 'yar barandarsa. An rufe ramukan a 1925, amma gidajen galibinsu suna nan, jikokin waɗansu mutane dabam suna ciki. Ba wanda ya yi musu kirari da sunan mawaƙi ko na shugaba, ba su kuwa yi alkawarin abin da ba su cika ba. Akwai kuma wani alheri da ciniki ta gidan waya ya zo da shi: mai sayarwa ba ya ganin fuskar mai saye. A zamanin da dokokin wariya ke wulakanta baƙar fata a kantunan kudu, wasiƙa ba ta da launi. Shugaban kamfanin ma, Julius Rosenwald, ya haɗa kai da Booker T. Washington, ya taimaka da dukiyarsa aka gina makarantu kusan 5,000 don 'ya'yan baƙar fata a kudu kafin 1932, galibinsu kuwa bisa taswirar da aka buga cikin littafi aka gina su.

Saura zargin da ya fi yawa a bakin masana, cewa gidan littafi kwaikwayo ne, abin da aka kwaikwaya kuwa ba shi da daraja. Wannan zargi bai tsaya da ƙafafunsa ba. Gidan Longfellow kansa ɗan littafi ne ta wajen kakanni, domin maginan manyan gidajen Amurka na ƙarni na 18 littattafan Ingila irin na Gibbs su ke dubawa, na Ingila kuma suna duban Palladio, shi kuwa Palladio kangayen Rum ya auna. Babu maginin da ya fara daga babu. A ƙasar Hausa ma magini gādo ya ke bi: zaure, da shigifa, da turaka, da bakan gizo, da zanko, duk ya same su wurin ubansa ko maigidansa. Ko Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da tubali da azara irin na kowa ya yi aikinsa. Gidan da a ke aikowa a yanke ma ba baƙo ba ne sarai a ƙasar nan, don a farkon mulkin Turawa, wajen 1900, an kawo gidajen katako daga Ingila cikin jirgin ruwa aka harhaɗa su a Lokoja.

Bambancin yana wani wuri. Maginin da ke ɗauke da fasali a ka, ya kan zo ya tsaya a filin, ya dubi gabas, ya ga inda ruwa ke gangarawa da inda iskar damina ke bugowa, ya tambayi mai gida yawan iyalinsa da sana'arsa, sa'an nan ya shata da ƙafa. Fasalin tsoho ne, amma ya kan tanƙwara don ya dace da wurin. Littattafan farko ma sun bar wannan ƙofa a buɗe, da ya ke kafinta ne ke yanka katakonsa, yana ƙarawa yana ragewa. Da aka fara aiko katako a yanke da lamba a jiki, sai ƙofar ta ƙuntata. Gaskiya ne kamfanin ya kan yarda a juya taswira dama ta koma hagu, ko a lulluɓe bango da jan bulo maimakon alluna, kamar yadda aka yi wa waɗansu Magnolia. Amma wanda ya tsara gidan bai taɓa taka filin ba, bai kuwa san ko wace fuska gidan zai duba ba. Abin da littafi ya bayar shi ne araha, da sauri, da awo marar kuskure. Abin da ya karɓe shi ne shawarar da a ke yi tsakanin mai gida da magini da ƙasar da za a yi gini a kanta. A ƙaramin gida irin na Carlinville ribar ta fi hasarar. A babban gida mai neman a yaba masa, hasarar ce ke fitowa fili.

Ƙarshen cinikin bai yi daɗi ba. Kamfanin ya daɗe yana ba masu saye bashi bisa jinginar gidan. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, dubban mutane suka kasa biya, kamfanin da ya yi suna da abokin talaka ya koma mai ƙwace gidaje. A 1934 ya rufe lissafin bashin da ya kai dala miliyan 11, a 1940 kuma ya buga littafin gidaje na ƙarshe. Takardun da ke nuna wa ya sayi me, aka zubar da su. Saboda haka yau mai son ya tabbatar da asalin gida sai ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fitila yana neman lamba a jikin katako, ko ya duba bayan allunan ƙofa ko zai sami takardar jirgi, ko ya tafi ofishin rajistar filaye ya bincika takardun jingina. Dokar kiyaye wuraren tarihi ta 1966, da littafin da Katherine Stevenson da Ward Jandl suka wallafa a 1986 mai tattare da siffofin gidajen Sears, su suka farkar da mutane ga abin da ke unguwanninsu.

Hukuncin da ya dace da Magnolia ke nan: a wajen gwanintar gini ba ta cikin sahun gaba, waɗanda ke kiranta fāda kuwa sun yi mata ƙari. Fuskarta aro ce, cikinta ne nata. Amma darajar tarihi ba kyau kaɗai ke kawo ta ba. Gidan shaida ne na wani zamani da jirgin ƙasa, da gidan waya, da injin yanka katako suka haɗu har mutumin ƙauye ya iya sayen bene da wasiƙa. Shaida ne kuma na abin da mai sabon arziki na wannan zamani ke sha'awa, da irin girman da ya ke so maƙwabta su gan shi da shi, ko da ginshiƙin cikinsa rami ne. Don wannan ya cancanci a gyara shi a kiyaye. Sharaɗi ɗaya ne: allon da za a kafa a ƙofarsa ya faɗi gaskiya, ya ambaci lambarsa cikin littafi, da tashar da aka sauke shi, da kafintocin da suka harhaɗa shi, a bar Longfellow da Washington a gidansu na Cambridge. Kuma hukumar da ta sami kuɗin gyaran Magnolia guda, ya kamata ta fara tambaya ko akwai ƙananan gidajen ma'aikata a bayan tasha da rufinsu ke yoyo, domin su ne suka fi yawa cikin 70,000 ɗin nan, su ne kuma littafin ya cika wa alkawari.